Awon Ƙarfin Hasken Leza da Gilashi Mai Shan Zafi

Wata Asabar bayan Azahar, wani Alhaji mai shagon zane a kan katako da fata a New Town, nan Akra, ya aiko yaronsa ya kira ni. Injinsa na leza, wanda a da yake ratsa falankin milimita 3 a zagaye biyu, yanzu sai ya zaga sau huɗu bai fita ba, bakin yankan kuma duk ya yi gawayi. Yana nuna mini takardar da ke manne a kan injin ya ce, "Masta, ka ga an rubuta wat 40. Ina wat 40 ɗin suka tafi?" Na ce, "Alhaji, bari mu auna. Gani ya kori ji."

Wat 40 ɗin nan da ake rubutawa a jikin ƙananan injina masu shuɗin haske yawanci wutar da injin ke ci ce, ko lambar talla kawai. Hasken da ke fita daga bakin kan irin wannan inji bai cika wuce wat 5 zuwa 5 da rabi ba tun yana sabo. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta zargin injinsa, ko ya sayi sabon kai alhali datti ne kawai ya rufe gilashin gaba. Na'urar awon leza ta kamfani tana da tsada, ba kowane shago a Nima ko Maamobi ke iya ajiye ta ba. Amma akwai hanyar da kowane mai gyara zai iya bi da guntun gilashi, dunƙulen alminiyam, ma'aunin zafi da agogo.

Dabarar ita ce haske ba ya ɓata a banza. In ya faɗa kan abin da ya shanye shi, sai ya koma zafi. Wat ɗaya shi ne jul ɗaya na kuzari a kowane sakan. To in ka san jul nawa ake buƙata kafin dunƙulenka ya ƙaru da digiri ɗaya, ka kuma san sakan nawa hasken ya yi yana dukansa, lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba.

Idonka tukuna

Duk lezar da ta wuce rabin wat tana cikin aji na 4, ajin da ya fi kowanne haɗari, kuma injinan shagunanmu duk a nan suke. Hasken dayod, wato ƙananan injinan nan masu shuɗin haske, yana da tsawon igiya kimanin nanomita 450, ido na ganinsa. Na injin faiba, wanda ake rubutu da shi a kan ƙarfe da zobe da marfin waya, nanomita 1064 ne, ido ba ya ganinsa ko kaɗan, amma yana ratsa ƙwayar ido ya ƙona can ciki inda gani yake. Mutum ba zai ƙifta ba, ba zai kau da kai ba, don bai ga komai ba. Wannan ne ya sa na fi tsoron faiba.

Tabarau na leza yana da rubutu a jikinsa: tsawon igiyar da yake tarewa da lambar OD. OD 4 yana rage haske sau 10,000, OD 5 sau 100,000. Tabarau na 450 bai tare 1064, na 1064 ma ba lallai ya tare 450 ba, sai in an rubuta duka biyun. In babu rubutu, kar ka sa shi. Kuma gilashin walda da zan ambata a ƙasa abin shanye haske ne a kan tebur, kar wani ya ɗora shi a fuska ya ce ya sami kariya.

Kafin a kunna, a fitar da yara masu koyon aiki da masu jiran kaya, a rufe ƙofa, a cire agogon hannu da zobe. Na san shagunanmu ba sa rabuwa da mutane, wani ya shigo gaisuwa, wata ta leƙo da tallan koko. Minti goma na rufe ƙofa ba zai kashe ciniki ba.

Wane gilashi ga wane haske

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Gilashi mai shan zafi na asali shi ne irin wanda kamfanin Schott na Jamus ke yi da sunan KG1, KG3 da KG5. In ka taɓa buɗe tsohon majigi mai haska hoto a bango, ka ga wani gilashi mai ɗan ruwan kore-kore tsakanin ƙwan fitila da hoton, shi ne irinsa. An saka sinadarin ƙarfe a cikin narkakken gilashin, shi ya sa yake barin hasken da ido ke gani ya wuce, ya riƙe wanda ya zarce ja, wato infrared, don kada hoton ya narke. Ma'ana ya dace da faiba mai 1064 ƙwarai, yana shanye kusan dukkansa, musamman KG5. Amma shuɗin hasken dayod ratsa shi yake yi kamar taga. In ka auna dayod da shi, hasken zai bugi alminiyam ɗin baya ya dawo waje, lissafinka ya lalace, idonka kuma ya shiga haɗari.

Ga dayod kana buƙatar gilashi baƙi har ciki. Mafi sauƙin samu a garin nan shi ne gilashin hular masu walda, lamba 10 zuwa sama. Lamba 10 ba ta barin ko kashi ɗaya cikin dubu na hasken gani ya wuce, tana kuma riƙe infrared, don haka tana yi wa faiba ma aiki. Ka tabbatar gilashi ne na gaske, ka ƙwanƙwasa shi da makulli ka ji ƙararsa, domin akwai na roba a kasuwa. Ka guji mai fuskar zinariya, wannan mayar da haske yake yi kamar madubi.

Me ya sa gilashi, ba a shafa baƙin fenti kawai ba? Fenti yana karɓar duk zafin a fatarsa ta sama, sai ya ƙone, ya yi hayaƙi, gobe ka auna ka sami wata lamba dabam. Gilashi mai launi yana shan hasken sannu a hankali cikin kaurinsa, zafin ya rarrabu. Wannan ya fi muhimmanci ga faiba, domin ita haskenta a guntu-guntu yake fita, kowane guntu gajere ne ƙwarai amma ƙarfinsa na kai dubban wat a wannan ɗan lokacin.

Rauninsa ɗaya: gilashi ba ya tafiyar da zafi. Alminiyam ya fi shi saurin kai zafi kusan sau 200. In wuri ɗaya ya yi zafi, gefensa na da sanyi, sai ya tsage. Gilashina na farko haka ya tafi, na bar hasken a tsuke, ko sakan uku ba a yi ba na ji ƙas, ya rabu biyu.

Haɗa abin awon

Gilashin walda yana zuwa da faɗin kusan santimita 5 da tsawon kusan 11. Kai wa mai yankan gilashin taga ya raba maka shi, ka sami murabba'i mai santimita 5 kowane gefe, nauyinsa wajen giram 20. Na majigi kuwa kar ka yanka shi, da yawansu an gasa su don su jure zafi, in aka sa musu abin yanka sai su farfashe. Yi amfani da shi yadda ya zo.

Sai dunƙulen alminiyam, santimita 5 da 5, kauri ɗaya da rabi. Wannan yana ba da kusan giram 100. Masu injin gyaran ƙarfe suna da ragowar irinsa, wanda ke Kumasi kuwa Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota da aikin ƙarfe, ta ishe shi. A goge fuska ɗaya ta yi sumul, a huda rami a gefe har tsakiya daidai kaurin bakin ma'aunin zafi, a huda ƙananan ramuka biyu a baya na ɗaure rasista, ɗan abin lantarkin nan da ke mayar da wuta zafi.

Ma'aunin zafin shi ne zuciyar aikin. Dole ya nuna kashi goma na digiri, kamar 30.4, 30.5. Wanda ke zuwa da mitar gwajin wuta yawanci digiri cikakke yake nunawa, ba zai yi ba, domin duk hawan da muke nema bai wuce digiri biyar ba. Wanda ya iya Arduino, ɗan allon lantarkin da ake rubuta wa umarni, ya nemi ma'aunin zafi DS18B20 a Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki a Akra, yana rarrabe har 0.0625 na digiri, kuma yana rubuta lambobin da kansa a kwamfuta. A can ma za ka sami rasista mai rigar alminiyam ruwan zinariya, wat 25, om 27, da farin man da ake shafa wa kan furosesa.

Shafa man siriri a fuskar da aka goge, ɗora gilashin, danna shi kana ɗan murzawa har iska ta fita. Riƙe kusurwoyinsa da ɗigon gam mai jure zafi, kar ka matse shi da ƙusa, ka bar masa wurin numfashi. Cika ramin gefe da man, tura bakin ma'aunin. Ɗaure rasista a baya, shi ma da man a ƙarƙashinsa. Sannan ka zaunar da dunƙulen cikin farin soson da ke zuwa a kwalin firij, ya rufe baya da gefuna, fuskar gilashi kaɗai a buɗe. Soson nan yana kama wuta da sauri, don haka ya tsaya ƙasa da gefen gilashin inda haske ba zai taɓa shi ba.

Koya wa dunƙulen lissafi

Da littafi za a iya ƙiyasta: giram ɗaya na alminiyam yana cin jul 0.9 kafin ya hau digiri ɗaya, gilashi wajen 0.8. Giram 100 sun ba da 90, gilashi 16, rasista da sauran tarkace su ƙara nasu. Amma ban taɓa dogara da wannan ba, domin ban san wane irin alminiyam aka yanko mini ba, kuma littafi bai san zafin da ke tserewa ta cikin soso da wayoyi ba. Rasistan da muka ɗaure shi ke warware wannan. Za mu ba dunƙulen zafin da muka san adadinsa, mu ga yadda zai amsa. Manyan ɗakunan awo na duniya ma haka suke daidaita ma'aunan leza, suna musanya haske da wutar lantarki.

Ajiye abin awon a shagon rabin awa ya ɗauki zafin ɗakin. Kashe fanka, kar ya kasance kusa da ƙofar da rana ke shigowa, kuma kar ka riƙe shi a hannu. Jira har lambar ta tsaya cik na minti biyu, ka rubuta ta. Haɗa rasista da batir ko caja mai bolt 12, mita ɗaya tana karanta bolt a bakin rasistan, ɗaya tana karanta amfiya. Kar ka ɗauki abin da aka rubuta a jikin caja, karanta mita. Kunna na sakan 120 daidai, ka kashe. Lambar za ta ci gaba da hawa bayan ka kashe, ka jira ta kai ƙololuwa ta fara sauka, ka rubuta mafi girma.

Ga abin da nawa ya bayar. Bolt 12.0 sau amfiya 0.44, wat 5.28 ke nan. Sau sakan 120, jul 634. Zafi ya tashi daga 30.2 zuwa 35.5, hawan digiri 5.3. Raba 634 da 5.3, ka sami kusan 120. Wannan ita ce lambar dunƙulena: jul 120 kowane digiri. Bari ya huce ya dawo zafin ɗaki, ka sake, ka kuma sakewa. In sau ukun sun yi kusa da juna, ɗauki matsakaici ka rubuta a jikin soson da alƙalami. In sun yi nisa, akwai iska mai kaɗawa ko bakin ma'aunin bai zauna da kyau ba.

Akwai wata 'yar dabara da nake so a nan. In ka sa tsawon lokacin awo ya yi daidai da lambar dunƙulenka, kowane digiri ɗaya ya zama wat ɗaya. Nawa 120 ne, don haka nake kunna leza sakan 120. In naka ya fito 105, yi sakan 105, ka sake gwajin rasista da wannan lokacin don ka tabbatar. Yaron shago ma zai iya karanta amsar ba tare da kalkuleta ba.

Awon kansa

Abu na farko, buɗe hasken. A wurin yanka, lens, wato gilashin da ke tattara haske, yana tsuke shi ya koma ɗigo kamar kashi goma na milimita. Wat 5 a wannan ɗigon ya haura wat 60,000 a kowane santimita murabba'i, babu gilashin da zai ɗauka. Ɗaga kan injin sama, ko ka sauke abin awon ƙasa, har ɗigon ya zama faifai mai faɗin santimita 2. Yanzu wat 5 ɗin sun bazu, bai kai wat 2 a santimita murabba'i ba, kuma ni iyakata ke nan, ba na wuce ta. Gwada faɗin a kan guntun kwali da ƙarfi kaɗan, kashi 2 ko 3 cikin ɗari, ka tabbatar duk faifan zai faɗa cikin gilashin, babu abin da ya zuba gefe.

Na biyu, karkatar da abin awon kaɗan, digiri 5 zuwa 10, da ɗan katako a ƙarƙashin gefe ɗaya. Fuskar gilashi, ko da baƙi ne, tana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken. In ya koma kai tsaye cikin bakin injin yana iya lalata shi, faiba ta fi jin wannan. Kashi 4 na wat 20 kuwa wat 0.8 ne, ya isa ya makantar da mutum. Ka san inda wannan haske zai nufa, ka tare shi da jan bulo a gefen da babu kowa.

Na uku, kashe famfon iskar da ke hura wurin yanka. Fankar da ke jikin kan dayod ba a kashe ta, ita ke hana shi ƙonewa, amma in iskarta na sauka kan gilashin, to ka yi gwajin rasista a wuri ɗaya, fankar na juyawa, leza a kashe, don asarar ta zama ɗaya a gwaji biyun.

Masu sarrafa inji da manhajar LightBurn ko LaserGRBL su lura: a yanayin M4 haske yana bin gudun kan injin, in ya tsaya sai ya mutu, in ya rage gudu a kwana sai ya ragu. Sa shi a M3 mai ƙarfi tsayayye, kashi ɗari cikin ɗari. Rubuta zafin farko, sa tabarau, kunna tare da agogo, kashe a kan lokaci. A nan jiran ya fi na rasista tsawo, domin zafin yana cikin gilashi, sai ya ratsa sannu kafin ya isa alminiyam. Kar ka taɓa fuskar gilashin, ta fi abin da ma'auni ke nunawa zafi nesa ba kusa ba.

A shagon Alhaji zafin ya hau digiri 4.1 a sakan 120, wato wat 4.1. Sai a raba da 0.96 saboda kashi 4 da gilashi ya mayar, ya zama kusan 4.3. Na kwance bakin kan, na ga ɗan gilashin kariya ya yi ruwan ƙasa da hayaƙin katako da maiƙon fata. Muka goge shi da auduga da sifirit, muka jira dunƙulen ya huce, muka sake. Hawan ya zama 4.9, wato wat 5.1. Alhaji ya dubi takardar ya ce, "Ashe Masta kan bai mutu ba." Na ce bai mutu ba, sauran matsalar tana wurin tsayin lens, wanda yaron ya saita ba daidai ba. Da Alhaji ya riga ya yi niyyar aika kuɗi a sayo sabo.

Faiba tana buƙatar ƙarin kula. Ko ka ɗaga kanta, faifan haskenta ba ya buɗewa sosai, wat 20 a faɗin milimita 7 ko 8 kuwa zai fasa gilashi nan take. Abin da nake yi, bayan na kauce wa wurin tsukewa da nisa, sai na zana layi guda mai naɗewa kamar katantanwa, ya cika santimita 3 da 3, na sa gudu mai yawa, ya yi ta maimaitawa. Layi guda ba yankewa, domin duk tsallen da madubin da ke juya haske cikin injin ya yi, hasken a kashe yake, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya. Sakan 30 ya isa: wat 20 sau 30 jul 600 ne, hawan digiri 5, kowane digiri wat 4. Ka sake koya wa dunƙulen lissafi da rasista mai om 6.8, wanda a bolt 12 yake ba da wajen wat 21, na sakan 30 shi ma. Fara da kashi 20 cikin ɗari na ƙarfi ka ga gilashin ya jure kafin ka hau.

Injin CO2 mai dogon bututu, na yankan akirilik, labarinsa dabam. Haskensa nanomita 10,600 ne, kowane irin gilashi yana tare shi a fata ta sama, ya tsage, kuma abin da yake mayarwa ya fi kashi 4. Ajiye gilashi gefe. Cire lens, kashe iska, sa giram 100 na ruwa a ƙaramin kofi mara nauyi a ƙarƙashin bakin. Ruwa yana cin jul 4.18 kowane giram, don haka jul 418 kowane digiri: wat 60 na sakan 30 zai ɗaga shi digiri 4.3. Motsa ruwan kafin ka karanta. Tururi yana sace wani ɓangare, amsar takan fito ƙasa kaɗan. Kuma bututun yana aiki da dubban bolt, ruwa da hannu su yi nesa da bayan injin.

Iyakar wannan awo

Kar ka yi tsammanin daidaito irin na ɗakin bincike. Ma'auni mai kashi goma na digiri a kan hawan digiri 5 ya riga ya kawo kuskuren kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, ga agogo, ga mita, ga zafin da fuskar gilashi ke zubarwa fiye da yadda rasista ke yi. Ni nakan ɗauka amsata tana iya kaucewa da kashi 10. Inda abin yake da ƙarfi shi ne kwatanta: injin ɗaya, dunƙule ɗaya, yau da wata uku masu zuwa. Shi ya sa nake so kowane mai shago ya auna injinsa ranar da ya buɗe kwali, ya rubuta a littafi da kwanan wata da zafin ɗaki. Dayod yana raguwa in ya yi zafi, don haka awon safe da na ƙarfe biyun rana a watan Maris ba za su zo ɗaya ba. In wutar gidan tana rawa, a jira ta daidaita, ko a yi a kan sitabilaiza.

Gilashin KG ba ya son laima, fuskarsa tana dusashewa in ya daɗe a iska mai ɗanshi, Akra kuwa bakin teku ce. Bayan aiki ka goge shi da sifirit, ka sa abin awon gaba ɗaya cikin roba mai marfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi. In ka ga tsaga ko farin tabo a fuskar gilashin, ko ka canza rasista ko soso, lambar da ka rubuta ta daina aiki, sai ka koma ka yi gwajin bolt 12 sau uku daga farko.